Ziyarar Wuraren Tarihi a Kumasi: Hukuncinta, Ladubbanta da Abin da Za a Gani

  

'Yan'uwa masu karatu, duk lokacin da hutun makaranta ya gabato, akwai tambayar da takan yi ta dawowa daga iyaye da malaman makarantunmu: shin ya halatta a kwashi yara a kai su fadar Manhyia, ko wurin takobin Okomfo Anokye, alhali a wuraren akwai al'adun da ba na Musulunci ba? Wasu iyaye sukan hana 'ya'yansu bin 'yan ajinsu na boko. Wasu kuma su sake su su tafi, ba a gaya musu komai ba. Duka biyun akwai gyara. Yaron da aka hana zai tashi a Aboabo bai san garin da aka haife shi ba, ranar da wani ya ce masa baƙo ba shi da abin faɗi. Wanda aka saki babu shiri kuma, zai iya jin labarin da zai girgiza masa aƙida, ko ya yi rashin ladabi ya jawo wa zango zagi.

Amsar a taƙaice ita ce: ziyarar ta halatta, in an gyara niyya ma akwai lada, amma tana da iyakoki. Bari mu bi ta daki-daki.

Hukuncin ziyarar

A wurare da yawa Alƙur'ani ya umarce mu da tafiya a bayan ƙasa domin duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ɗalibai su duba Ali Imrana aya ta 137, da An'am aya ta 11, da Rum aya ta 42. Ku lura, mutanen da aka ce a duba kufansu a waɗannan ayoyi ba muminai ba ne. Ke nan kallon tarihin wanda ba Musulmi ba don ɗaukar izina abu ne da aka nema daga gare mu.

Sunna kuma ta nuna mana yadda ake yi. A tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijir, kufan Samudawa, ya hori sahabbai da su wuce wurin cikin tsoron Allah, ba da wasa da dariya ba. A kan hanyar Hunainu kuma, shekara ta 8, wasu sababbin shiga Musulunci sun ga wata bishiya da mushrikai suke rataye makamai a kanta don neman albarka, suka roƙi a sanya musu irinta, ya yi musu inkari mai tsanani. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'ida: a kalla da idon izina, ba a neman albarka ga dutse ko bishiya ko ƙarfe. Sannan An'am aya ta 108 ta hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. Wanda ya riƙe waɗannan uku, izina da tauhidi da kame baki, to ya tafi abinsa.

Yadda Kumasi ta zama birnin sarauta

Mutanen da kakanninmu suke kira Tonawa, wato Asante, a da ƙananan masarautu ne da suke biyan haraji ga Denkyira. Osei Tutu ne ya haɗa kansu, tare da mashawarcinsa kuma bokansa Okomfo Anokye, suka ci Denkyira da yaƙi a Feyiase a 1701. Tun daga nan Kumasi ta zama mazaunin Asantehene, babban sarkinsu. Fiye da shekara 300 ke nan.

Abin da ya ɗaure wannan haɗin kai shi ne Kujerar Zinariya, Sika Dwa Kofi. Su a wurinsu daga sama ta sauko ranar Juma'a, kuma ran al'ummarsu yana cikinta, shi ya sa ko sarki ba ya zama a kanta. Mu ba mu yi imani da haka ba. Amma wanda bai san matsayinta a zukatansu ba, ba zai fahimci rabin abin da zai gani a garin nan ba. Sarautarsu kuma ta wajen uwa ake gadonta, kuma Asantehemaa, uwar sarauta, ita ce take gabatar da wanda zai hau gado.

Fadar Manhyia

Daga nan Aboabo, Manhyia ba ta da nisa. Pragya ɗaya ce, mai ƙafa ma yana takawa. Da ita ya kamata a fara.

Ginin da ya zama gidan tarihi yanzu ba shi ne fadar asali ba. Ta asali tana can wajen Adum, sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka washe ta suka rusa a watan Fabrairu 1874. A 1896 suka dawo suka kama sarki Prempeh na Ɗaya, suka kai shi Elmina, daga nan Saliyo, daga nan tsibiran Seychelles a tekun Indiya. Sai 1924 aka bar shi ya dawo, bayan shekara 28. A 1925 aka gina wannan gida na Manhyia domin ya zauna. Ya rasu a 1931, Prempeh na Biyu ya gaje shi, kuma a zamaninsa ne, a 1935, Turawa suka yarda aka maido da haɗaɗɗiyar sarautar Asante. Opoku Ware na Biyu, wanda ya yi sarauta daga 1970 zuwa 1999, shi ya mai da tsohon gidan gidan tarihi a 1995. Sarki na yanzu, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, ya hau gado a 1999.

A ciki za ku ga ɗakunan da sarakunan suka zauna, da kayan da suka yi amfani da su, da kujeru, da tambura, da takubban sarauta, da makarar da ake ɗaukar sarki a ciki ranar biki. Akwai kuma mutum-mutumin sarakuna da iyayen sarauta, zaune kamar masu rai. A gaya wa yara tun a gida cewa surori ne na nuni, ba a yi musu gaisuwa, ba a rusuna musu.

Wani abin da ya ƙara wa gidan daraja shi ne kayan da suka dawo a 2024, shekara 150 cif bayan wasoson 1874. Wani gidan tarihi na jami'a a Los Angeles ta Amurka ya maido da kaya 7 gaba ɗaya. Manyan gidajen tarihi biyu na Landan kuma suka aiko da kaya 32, amma a matsayin aro. Ku ji fa: kayan mutum, a kwashe da bakin bindiga, sannan a ara masa. Wannan kaɗai ya isa darasin yini guda a babin ƙwace, da abin da shari'a ta ce game da mai da haƙƙi ga mai shi.

Sawun Musulmi a wannan fada

Nan ne nake son ɗalibai su buɗe kunne. Wanda yake zaton jiya Musulmi suka zo Kumasi bai karanta tarihi ba.

Turawa biyu, Thomas Bowdich a 1817 da Joseph Dupuis a 1820, sun zo Kumasi a zamanin sarki Osei Bonsu, kowannensu ya rubuta littafi. Dukansu sun tarar da jama'ar Musulmi zaune kusa da fada, da shugabansu Muhammad al-Gamba, wanda ake kira Baba, mutumin ƙasar Mamprusi. Yana da makaranta, yana cikin masu ba sarki shawara, kuma malamai ne suke rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci zuwa ƙasashen arewa. Bowdich ya haɗu har da wani Sharifi Ibrahim, baƙon malami daga nesa. Dupuis kuma ya rubuta cewa wani sarki da ya gabata, Osei Kwame, wanda ya hau gado a 1777, zuciyarsa ta karkata ga Musulunci, kuma hakan yana cikin dalilan da manyan fada suka tuɓe shi.

Har yau akwai shaidar wannan zamani a rubuce. A ɗakin karatu na sarauta da ke Kopanhegan, ƙasar Denmak, akwai ɗaruruwan warƙoƙi na Larabci da suka fito daga hannun Musulmin Kumasi: addu'o'i, da hatimai, da wasiƙu tsakaninsu da 'yan'uwansu na Gwanja da Mamprusi. Masana suna ganin a yaƙin Katamanso na 1826 aka kwashe su daga sansanin Asante. Kalmar Kramo ma da suke kiran Musulmi da ita, daga karamoko ta Wangarawa ta fito, ma'anarta malami. Wato da karatu suka fara saninmu. In kun ga babbar rigar yaƙi ta sarakuna, batakari kese, wadda aka lulluɓe da layu, to rubutun malamai ne a ciki. Hukuncin laya kam malamai sun yi saɓani, kuma ba nan ne wurin tattauna shi ba. Abin lura dai shi ne, alƙalami da tawada ne suka ba Musulmi wurin zama a gaban sarki, ba yawa ko ƙarfi ba.

Gaskiya kuma ita ce, mafi yawan Musulmin farkon nan mutanen Gwanja da Dagomba da Mamprusi da Wangara ne. Hausawa da yawansu sun zo daga baya, kuma goro ne ya kawo su.

Kejetia da hanyar goro

Daga Manhyia sai a gangara Kejetia. Kullum muna shiga cin kasuwa, amma ran ziyara a tsaya a yi wa yara bayani. Goron dajin Asante shi fatake suke bi tun daga Kano da Katsina da Sakkwato, tafiyar watanni da jakuna, suna kawo kanwa da tufafi da fatu. Da can a Salaga suke tsayawa, nan ake musaya, shi ya sa a ƙasar Hausa ake cewa an tafi Gwanja. Kada kuma mu ɓoye wa yara: a kasuwar Salaga har da 'yan Adam aka sayar, kuma akwai Musulmi cikin masu saye da sayarwa. Allah ya yafe wa na baya, ya kare mu daga zalunci.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa mutanenta zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa. Cikin waɗanda suka bar ta akwai babban malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Krachi har ya rasu a 1934. Bayan Turawa sun karɓi Kumasi, kuma jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, sai cinikin goro ya juyo nan, zango ya kafu ya yi ta faɗi. Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka yi fataucin goro daga wannan ƙasa suna aikawa Legas ta ruwa. Daga baya noman koko ya jawo Mosawa da sauran ƙabilun arewa. Kalmar zango kanta ma'anarta masaukin ayari. Masauki ne ya zama gari.

Tsohon sansanin soja na Adum

Daga Kejetia a hau Adum, zuwa jan ginin nan da ake kira Kumasi Fort, wanda yanzu gidan tarihin sojojin Ghana ne. Turawa sun gina shi a 1897. A watan Maris 1900 gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakunan Asante a gabansa, ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai. Wannan magana ita ta tayar da yaƙin da Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta jagoranta. Aka yi wa sansanin ƙawanya tun daga watan Afrilu. Gwamna ya samu ya sulale a watan Yuni, sai tsakiyar Yuli aka kawo wa sauran ɗauki. Mutane da dama da suka fake a gindin katangarsa yunwa da cuta suka kashe su. Daga ƙarshe an kama Yaa Asantewaa aka kai ta Seychelles, a can ta rasu a 1921. Kujerar kuwa ba su same ta ba.

Akwai abin da ya shafe mu a nan, mai nauyin faɗi. Yawancin sojojin da suke cikin sansanin a lokacin, su ne waɗanda Turawa suke kira sojojin Hausa. Ba dukansu Hausawa ba ne. An ɗebo su daga ƙabilu daban-daban na arewa, wasu ma bayi ne da suka gudo, amma Hausa ce harshen bariki, sai sunan ya bi su. Ke nan a idon Tonawan wancan lokaci, masu jin harshenmu suna bayan bindigar Bature. In mai yi muku jagora ya ambaci wannan, kada a yi fushi, kada a musa. Tarihi ne. Wanda ya san abin da ya taɓa shiga tsakaninsa da maƙwabcinsa ya fi sanin darajar zaman lafiyar da suke ciki.

A ciki akwai bindigogi da tutoci da hotuna na yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, daga Gabashin Afirka har Bama. Gidaje nawa ne a zangon nan da kakansu ya je Bama? A sa yara su tambayi tsofaffinsu kafin ranar.

Gidan Al'adu da wurin takobi

Daga nan sai a nufi hanyar Bantama. A cikin Gidan Al'adu akwai ƙaramin gidan tarihi na Prempeh na Biyu, da rumfunan masu saƙar kente da masu sassaƙa da maƙeran tagulla. Wuri ne mai inuwa, ya dace a zauna a ci guzuri.

Kusa da shi, a cikin harabar asibitin Komfo Anokye da muke kira Ji, akwai wani ɗan gini da aka kewaye takobin da suke cewa Okomfo Anokye ya kafa a ƙasa. Suna cewa babu mai iya zare shi, ranar da aka zare kuma daular ta watse. Masu kula da wurin sukan ba da labarin cewa har ɗan damben nan Muhammad Ali ya gwada lokacin da ya zo Ghana a 1964. Wannan wuri shi ya fi buƙatar malami a kusa, domin wurin tsafi ne mai rai har yanzu, ana zuba giya ana roƙo. A tsaya a ji bayani, a fita. Ba a shafa don neman sa'a, ba a ajiye kuɗi da niyyar biyan buƙata, ba a cewa amin ga roƙonsu. Kuɗin shiga na ƙofa daban ne, wannan ladan hidima ne. Kuma ba a dariya, ba a tsaki. Bayan an fito malami ya tambayi yara: wa yake riƙe da mulki, yake ba wanda ya so, yake karɓewa daga wanda ya so? Su nemo amsar a Ali Imrana aya ta 26. Malamin da ya ga yaransa sun yi ƙanƙanta da wannan wuri, ya tsallake shi, babu laifi.

Ladubban da za a kiyaye

Na farko, salla. A tsara tafiyar yadda Azahar za ta same ku kusa da masallaci. Babban masallacin Kumasi, wanda aka sabunta aka sake buɗewa a 2023, yana kan hanyar dawowa gida, kuma shi ma wurin tarihi ne. Kada a sa ziyara ranar Juma'a.

Na biyu, gaisuwa. A al'adarsu ana bin mutane da gaisuwa daga dama zuwa hagu, ba a nuni ko miƙa abu da hannun hagu, kuma ba a yi wa sarki magana kai-tsaye sai ta bakin okyeame, mai magana da yawunsa. Duk wannan bai saɓa wa addini ba. Fara wa da dama ma sunna ce. Abin da aka hana shi ne ruku'u ko sujada ga wani mahaluki, ko wane ne shi.

Na uku, Akwasidae. Bikinsu ne da yake zagayowa duk kwana 42, ranar Lahadi. Yana da ɓangaren bautar kakanni da ake yi a ɗakin kujeru, wannan ba namu ba ne ko kusa. Yana da kuma zaman fada a fili, inda sarki yake karɓar gaisuwa, shugabannin zango ma sukan je da rawunansu. Wannan gaisuwar zaman tare ce, kuma Mumtahana aya ta 8 ta ba mu damar kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su kore mu daga gidajenmu ba. Amma ga ɗalibai ƙanana, a zaɓi ranar da babu biki, za su fi jin bayani.

Na huɗu, tsari. A je tun da wuri a tambayi kuɗin shiga da lokacin buɗewa, domin yawanci ɗan ƙasa da ɗalibi suna da rangwame. 'Yan mata su tafi da malamarsu, cikin shigarsu ta kamala. Inda aka hana ɗaukar hoto kada a saci ɗauka da waya, amana ce. Kowane yaro ya riƙe littafi da biro, ya rubuto abu uku da ya gani da tambaya ɗaya, a tattauna a makaranta washegari. Matambayi ba ya ɓata.

Me ya sa muka damu da wannan?

Dattawanmu ba su manta da watan Nuwamba 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Gidaje sun rabu a zangon nan, har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu. Har yau kuma akwai matashin da zai je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo, a kalli sunansa a ce ya faɗi garinsu na asali. Takarda ita ce hujja a ofis, kowa ya nemi tasa ya adana. Amma akwai wata hujjar da take zaune a ƙirji: yaro ya san cewa shekara 200 da suka wuce ana karatun allo a gefen fadar Kumasi, kuma garin nan ya ci gaba da zama gidan ilimi har Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya zo nan neman karatu yana matashi. Wanda ya san wannan ba zai ji shi ɗan rakiya ne ba, ba kuma zai raina masu masaukin kakanninsa ba.

Don haka muna kira ga kwamitocin makarantunmu su sa wannan ziyara cikin tsarin shekara, iyaye kuma su taimaka da kuɗin mota. Gani ya kori ji.

Allah ya tsare mana imaninmu, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da Kumasi da Ghana baki ɗaya lafiya. Allah ne mafi sani.